Ɗiyanmu da ke Bisa Dutse

A shekarar da yunwa ta ci Sakkwato muka ba da 'ya'yanmu biyu. Lokacin muna zaune a Ƙofar Dundaye, ni da maigidana da mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke kira Inna. Shi baduku ne, takalma da jakunkuna yake ɗinkawa na jar fata. To da damina ta ƙi, wa zai kula da takalmi? Nasara ba su fi shekara goma da cin garin ba. Muka ci dusa har ta ƙare, muka koma ganyen tafasa, har na bi mata bayan gari muna haƙar gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin geron da suka tara. Nonona ya ƙafe, jaririyar da nake goyo ta rasu a bayana ban ma sani ba sai da na sauke ta.

Maigidana yana da yaya mace, aure ya kai ta kudu, ƙasar duwatsu ta wajen Zuru, inda mijinta yake fatauci. Ana cikin wannan hali suka biyo da ayari. Ta dubi yaran, ta dubi tukunyarmu, ta ce wa ƙanenta, "Ku ba ni su. Can akwai dawa. In Allah ya kawo sauƙi ku taho ku ɗauki abinku."

Namijin, ɗan farina, shekararsa shida. Macen uku, ban daɗe da yaye ta ba.

Sauƙin bai zo da wuri ba. Yunwa na wucewa aka ɗebi maigidana cikin masu yi wa sojan Nasara dako, ya shekara biyu ba mu san inda yake ba, ya dawo a rame da tarin da bai rabu da shi ba har mutuwarsa. Bayan nan annoba ta shigo gari. Na haihu sau biyu a tsakanin, babu wanda ya kai yaye. Kullum sai mu ce baɗi za mu tafi, har shekara bakwai ta cika.

Wani maƙwabcinmu mai fataucin gishiri ne ya kawo labarin. Ya zauna a zaure, ni da Inna muna saurare ta bayan zana. Ya ce yayar maigidana ta rasu tun a annoba, mijinta ya yi kudu ba wanda ya san inda ya nufa. Yaran kuwa, ya ji an ce suna raye, wai suna bisa dutse a hannun mutanen ƙasar.

Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Da baƙon ya tafi sai ta ce, "Da ni za a tahi."

Maigidana ya ce, "Inna, tafiyar kwana goma ce ga mai ƙarfi."

"Ɗiyata ta mutu ban gan ta ba. Jikokin nan ni na ɗora su bisa jaki da hannuna. In kun bar ni, zan biyo ku da sanda."

Maigidana ya haƙura. Ya kwana uku yana ɗinka wa yaran takalma. Da yake bai san girman ƙafarsu ba, sai ya kira 'ya'yan maƙwabta sa'anninsu ya auna. Ni kuma na tanadi zane baƙi na saƙi don yarinyar, da riga don yaron, da gishiri da daddawa da za mu ba wa duk wanda muka tarar yana riƙon su. Jakuna biyu muka samu, namu da na ƙanensa.

Mun tashi bayan sallar asuba, a ƙarshen damina, an fara yankan gero. Ni tun da aka haife ni ban taɓa wuce bakin gulbi ba. Kwana biyun farko har daɗi na ji. Muka wuce Boɗinga, gonaki dama da hagu, duk ƙauyen da muka sauka sai an ba mu tumun sabon gero. Inna na bisa jaki tana ta lissafa abin da za ta dafa wa yaran in mun dawo.

A rana ta huɗu muka iske masu aikin hanya. Mutane ne sun fi a ƙirga, an tattaro su daga ƙauyuka suna sare itatuwa suna kwasar ƙasa a kwanduna, dogarai na tsaye a kansu. Maigidana na hango su ya ce mu ratse ta cikin gona, amma an riga an gan mu. Wani dogari ya zo ya zagaya babban jakin, ya daddaɓa bayansa, ya ce Bature zai tashi zuwa gaba kuma dabbobin kaya sun kasa.

Maigidana ya durƙusa. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tsohuwa muke ɗauke da ita, wurin ɗiyanmu za mu."

"Ai ga ɗaya nan na bar muku. Wanga in an gama za a maido."

Bai tambayi sunanmu ba, bai tambayi garinmu ba. Ya kwance kayan ya zubar a ƙasa ya ja jakin. Muka raba kayan gida biyu, maigidana ya ɗauki mai nauyin, na ɗauki ɗayan a ka. Da muka yi nisa na ce masa me ya sa bai bi su ya roƙi babbansu ba. Ya ce, "Ke ba ki san su ba. In na bi, da ni za su haɗa." Daga nan har yamma tari ya yi ta yi.

Tun daga ranar tafiya ta zama wata iri. Wuyana ya sage, ƙafafuna suka tsattsage. Cinyoyin Inna suka saluɓe da zaman jaki, sai mun shafa mata man shanu kafin mu ɗora ta. A gulbin Zamfara, kusa da Gummi, muka kwana biyu muna jiran ruwa ya ja, sannan masu jirgi suka yarda suka ƙetarar da mu.

Gulbi na biyu, wanda ake kira Ka, shi ne ya gama da mu. Babu jirgi a mashigin da muka isa, sai masu fito da manyan goruna. Mutum ya rungumi gora, mai fito ya yi iyo yana tura shi. Aka fara da Inna, tana salati tun daga wannan gaɓa har waccan. Aka ja jakin da igiya, kansa kawai ake gani. Ni na rufe ido har na ji ƙasa a ƙafata. Saura kaya. Ɗaurin farko ya iso lafiya, na tabarmi da tukunya. Na biyu yana tsakiyar ruwa wani kututture ya taho ya bugi gorar, ta kife. Mai fiton ya cafko gorarsa, ɗaurin kuwa ya yi gaba.

A cikinsa takalman suke, da zanen, da rigar, da gishirin.

Maigidana ya bi gaɓa da gudu yana ihu, yana faɗuwa cikin laka yana tashi, har ya ɓace mana a kwana. Sai bayan la'asar ya dawo hannu wofi, ƙaya ta yayyage masa ƙafa. Ya zauna nesa da mu ya juya mana baya. Inna ta ce da ni a hankali, "Ƙyale shi, ɗiyata. Hura wuta."

Bayan gulbin ƙasa ta sauya. Ciyawa ta fi mutum tsawo, hanya ta zama siririya, duk duwatsu. Wani ƙuda mai cizo kamar allura ya addabi jakin har ya fara tuntuɓe. Zazzaɓi ya kama Inna, ƙafafunta suka kumbura. In hawa ya yi tsanani jakin ya ƙi, sai maigidana ya goya ta, ni in ja dabbar da kaya a kaina. Mutanen da muke gamuwa da su ba ma jin maganarsu. In mun ambaci zangon Hausawa sai su nuna gaba da hannu.

A rana ta goma sha uku muka isa. Zangon bai fi gida ashirin ba, a gindin wani dutse da sai ka ɗaga kai sosai kake ganin ƙarshensa. Limamin wurin ya sauke mu, dattijo ne mai ido ɗaya, ya daɗe a ƙasar har yana jin harshensu. Ya nuna mana kangon gidan yayar maigidana, da kabarinta a bayan masallaci. Sannan ya gaya mana yadda aka yi.

Ya ce da annoba ta shigo, kowa ta kansa yake yi. Mijin ya gudu ya bar matar kwance. Akwai wata mata daga bisa dutse da ke saukowa ranar kasuwa tana sayar mata da dawa, har suka ƙulla ƙawance. Ita ce ta sauko ta tarar da gawar a ɗaki, yaran biyu zaune a bakin ƙofa kwana biyu ba su ci komai ba. Ta goya macen, namijin ya bi ta a baya, suka hau. A watan nan ita ma ta binne 'ya'yanta uku.

Maigidana ya ce, "Malam, ku kuna nan kunka bari anka kai ɗiyan musulmi bisa dutse?"

Liman bai ji haushi ba. Ya ce, "Ranar ni kaɗai ke iya tsayuwa a zangon nan, kaburbura nake haƙa. Da ba ta ɗauke su ba, da su ma na haƙa musu."

Washegari muka bar Inna a hannun matar liman, muka hau mu uku. Babu hanyar dabba. Wani wurin sai da na tattare zane na yi rarrafe, wani wurin liman ya miƙo mini sandarsa ya ja ni. An jera duwatsu an tare ƙasa an yi 'yan gonaki hawa-hawa, dawa ta yi kai ta sunkuya. Tun da nake ban taɓa ganin dawa mai kyau irin wannan ba. Maigidana yakan tsaya ya yi tari har sai ya dafa dutse.

Da hantsi muka isa. Ɗakuna ƙanana ne a tsakanin manyan duwatsu, ko'ina rumbuna. Matar tana sussuka a tsakar gida, doguwa ce siririya, ta girme ni. Liman ya yi mata magana. Ta ajiye taɓarya, ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta daɗe. Sai ta shiga ta kawo mana ruwa a sabuwar ƙwarya, ta shimfiɗa fata. 

Yarinya ce ta fara fitowa daga bayan rumbu da tulu a ka. Ba wanda ya gaya mini. Goshin mahaifiyata ne, da tafiyarta. Na miƙe ban san na miƙe ba, na kira sunanta. Ko juyowa ba ta yi ba. Matar ta kira ta da wani suna, ta zo da sauri, ta ga baƙi ta laɓe a bayanta ta riƙe ƙugunta. Aka yi mata bayani. Ta leƙo ta dube ni, ta ce wani abu gajere.

Na ce wa liman, "Mi tac ce?"

Ya ce, "Ta ce uwarta ta zango ai ta mutu, wannan kuma wace ce."

Ko kalmar Hausa ɗaya ba ta rage mata ba.

Yaron sai da rana ta take ya dawo daga gona, da fartanya a kafaɗa. Ya kusa kamo ubansa tsawo, ƙirjinsa ya buɗe. Shi ya gane mu. Ya tsaya cak, ya ajiye fartanyar, ya zo ya durƙusa gaban ubansa ya ce, "Sannu da zuwa." Hausarsa ta yi nauyi, sai ya nemo kalma kafin ya faɗa. A al'adarmu uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa. Na kawar da kai kamar yadda aka koya mini. Ban iya daɗewa ba, na juyo na zuba masa ido. Shi kuma ƙasa yake kallo.

Kwana uku muka yi a gidan. Ba su rage mu da komai ba. An yanka mana kaza, liman ne ya yanka, an ba mu ɗaki. A rana ta biyu na roƙi matar da hannu ta bar ni in yi wa yarinyar kitso. Ta kamo ta ta zaunar a gabana, ita kuma ta zauna kusa don kada ta gudu. Na tsefe kan a hankali. Akwai tabo a bayan kunnenta da ban san shi ba. Na yi mata kitson 'yan matan Sakkwato, ina yi ina jan lokaci don kada in gama. Ta zauna a sandare har ƙarshe. Ina ɗauke hannu ta tashi ta koma jikin matar, ta kama hannunta ta ɗora a kanta.

Da la'asar na ji maigidana ya ja yaron gefe yana tambayarsa ko yana salla. Ya ce ya karanta masa Fatiha. Yaron ya fara, ya kai tsakiya ya tsaya, ya koma farko, ya sake tsayawa a wurin. Uban ya ƙarasa masa da kansa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

A rana ta uku aka zauna. Mijin matar, wani gajeren mutum mai furfura, ya yi magana liman yana fassarawa. Ya ce ba su saye su ba, ba su sato su ba, sun san da iyayensu. A tambayi yaran. In sun ce za su, shi da kansa zai raka mu har bakin gulbi.

Maigidana ya dubi ɗansa ya ce, "Ka ji. Mun taho mu tahi da ku gida."

Yaron ya ɗago ya dubi uban. Sannan ya ce, "Akwai hatsi can?"

"Akwai. Yunwa ta wuce tuni."

"Ina da gona nan. Wancan rumbun ni na cika shi." Ya nuna da baki. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na tuna gidan. Da aka ɗora mu bisa jaki na yi ta kira. Kaka ta fito, kai ka fito. Ita ba ta fito ba."

Gaskiya ya faɗa. Ina bayan ƙyauren ɗaki a ranar, na cusa gefen zane a baki. Kunyar ɗan fari ta hana ni, kuma na san in na fito zan janyo su ƙasa mu mutu tare. Duk wannan yana bakina a wurin zaman nan. Ga maza zaune, ga liman, ga shi ɗan fari. Ban ce komai ba.

Yaron ya ce ba zai tafi ba.

Maigidana ya ce to macen dai dole a ba mu, ita yarinya ce, ba a tambayar ta. Ba ta ji abin da ya ce ba, amma ta ga inda ya nuna. Kafin a ankara ta zille ta bayan ɗaki ta shige cikin duwatsu. Duk ƙauyen aka fita nema. Sai da rana ta yi ja wanta ya samo ta a wani kogo, dutse ya tsaga mata tafin ƙafa. Ya goyo ta. Tana ganina ta fasa ihu ta ƙanƙame wuyansa.

Ni ce na ce a bar ta. Maigidana ya ce, "Kin san abin da kike hwaɗi?" Na ce na sani. Na ce ko mun ɗaure ta, a wane gulbi za mu kwance ta? Matar tana wanke mata ƙafar tana kuka, ni ina tsaye da hannuwana ba abin da zan yi da su. Babu ko ƙyalle da zan bar mata. Na cire 'yan kunnena na azurfa na ba matar, na nuna yarinyar. Ta karɓa da hannu biyu.

Da safe yaron ya ce zai sauka ya gai da kakarsa. Ya ɗauko damin dawa guda a ka, ya riga mu isa ƙasa. Inna na kwance a ɗakin matar liman, ta ƙara lalacewa a kwana ukun nan. Da ya shiga ta ɗaga kai ta ce, "Wa nake gani? Mijina ne ya girma haka bai aiko mini ko goro ba?" Ya yi dariya, ita ce dariyarsa ɗaya da na gani. Ta shafa fuskarsa da kafaɗunsa, ta ce ina ƙanwarsa. Maigidana ya ce tana lafiya, ƙafa ce ta ji ciwo. Inna ta dube shi, ta dube ni, ba ta sake tambaya ba.

Ba ta tashi daga shimfiɗar nan ba. Kwana tara muka yi muna jinyarta, ta cika, aka binne ta kusa da ɗiyarta. Yaron ya sauko da aka aika masa. Da aka tsaya yi mata salla bai shiga sahu ba, ya tsaya can gindin wata tsamiya har aka gama, don bai san yadda ake yi ba. Liman ya yi wa maigidana alkawarin zai riƙa koya masa duk ranar kasuwa in ya sauko. Maigidana ya yi godiya.

Jakin ya mutu kwana biyu bayan Inna. Muka juyo mu biyu a ƙasa. Yaron ya raka mu har inda gonakin zango suka ƙare, ya durƙusa ya ce mu sauka lafiya. Na kira sunansa a karo na farko tun da na haife shi. Ya amsa, ya jira ko zan ce wani abu. Na ce ya kula da ƙanwarsa. Ya ce to.

Kwana goma sha bakwai muka yi kafin mu ga ganuwar Sakkwato. Mata suka cika gida suna tambaya ina yara, ina Inna. Na ce yara suna lafiya, sun girma.

Bayan shekara huɗu maigidana ya sake komawa shi kaɗai, ya bi wani ayari. Ya yi wata biyu. Ranar da ya dawo na ji sallamarsa na fito da ruwa, na leƙa bayansa, ba kowa. Ya sha, ya yi alwala, ya rama sallolinsa, sannan ya kira ni. Ya ce Nasara sun sa duk mutanen bisa dutse su sauko ƙasa inda za a riƙa ganin su, ƙauyen ya watse, wasu sun yi gabas wasu yamma. Ya hau har gidan, ya tarar ɗakunan babu jinka. Liman ya rasu, wanda ya gaje shi baƙo ne. Ya zagaya ƙauyuka shida yana tambaya, amma sunan da ya sani ba shi ake kiran su da shi ba, sunan da ake kiran su da shi kuma mu duka ba mu riƙe ba.

Na ce, "Ba wanda ya gan su?"

Ya ce wata tsohuwa ta ce kamar ta san wani saurayi mai jin Hausa da ya tafi da iyalinsa wajen wani gulbi, amma ba ta tabbata ba, kuma ba ta san wane gulbi ba.

Na ɗauki ƙwaryar na koma ciki. Tuwo na kan wuta, na tuƙa, na kwashe, na kai masa. Bai ƙara wata tafiya ba, ni ma ban sake fita Sakkwato ba.